Batirin motar hannu ya fara gajiya: a yi caji, a sayi na Beljiyam, ko a sayi sabo?

Duk wanda ya sayi motar hannu, ko 'yar Kwatano ce ko wadda ta riga ta sha titunan ƙasar nan, ya haɗa da batirin da bai san shekarunsa ba. Dillali zai nuna masa inji da giya da fenti, amma da wuya a ji an tayar da maganar batir, domin a ranar ciniki kowace mota da bugu ɗaya take tashi. Sai an yi wata biyu ko uku, wata safiya ta hunturu ana shirin kai yara makaranta, a murɗa makulli a ji inji yana juyawa da ƙyar, ko kuma a ji "ƙas-ƙas-ƙas" fitilun gaban direba suna dusashewa. Daga nan shawara takan rabu: wani ya ce a kai caji, wani ya ce akwai na Beljiyam mai araha, wani kuma ya ce a rufe ido a sayi sabo a huta.

Abubuwan da za a auna

Na farko kuɗi ne, amma ba kuɗin da aka miƙa a shago kaɗai ba. Lissafin da ya fi gaskiya shi ne a cire abin da za a ba mutum a kan tsohon batirinsa, domin masu shago da 'yan gwangwan suna sayensa saboda dalmar da ke ciki, sannan a raba ragowar da yawan watannin da ake sa ran batirin zai yi aiki. Da wannan lissafi sau da yawa sai a ga mai arahar shi ne mai tsada. Farashin kansa yana tafiya da canjin dala, tunda akasarin batiran da ke kasuwa daga waje ake shigo da su, don haka abin da zan kwatanta a nan shi ne matsayin kowane zaɓi a kan ɗan'uwansa.

Na biyu shi ne daɗewa, kuma a Katsina wannan magana ce ta zafi. Mutane da yawa suna ɗora laifi a kan sanyi saboda a Disamba da Janairu ne mota ke ƙin tashi, alhali sanyin tona asiri kawai yake yi. Ɓarnar tun bazara aka yi ta, a Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40, ga kuma zafin inji a ƙarƙashin bonet. Zafi yana ƙafar da ruwan batir, yana kuma cinye farantan dalmar da ke ciki. Injiniyoyi suna da wani ƙiyasi cewa duk ƙarin zafi na kusan digiri 10 sama da digiri 25 yana iya rage rabin rayuwar batirin dalma. Shi ya sa batirin da zai yi shekara huɗu ko biyar a Turai, a nan idan ya yi biyu zuwa uku ya biya kuɗinsa.

Na uku sauƙin kula, wato ko batirin yana buƙatar a riƙa buɗe shi ana duba ruwa. Na huɗu haɗari, wanda ya haɗa da tsayawa a hanya, da zubar asid, da lalata kayan lantarkin mota. Akwai kuma dacewa da motar kanta, wadda ba ta cikin abin da ake sassautawa: girman akwati, da gefen da jan kan batir (mai alamar +) yake, hagu ko dama, da ƙarfin da aka rubuta Ah a jikinsa, wanda 'yan kasuwa ke kira "am", kamar 45 ko 62 ko 75 ko 100.

A tabbatar batirin ne kafin a taɓa aljihu

Wannan mataki ne aka fi tsallakewa, kuma ni kaina na taɓa biyan kuɗin tsallake shi. Wata shekara na canza batir sau biyu cikin wata goma, ina ta zargin mai shagon da ya sayar mini da cewa jabu ya ba ni, har muka yi musayar kalamai marasa daɗi. Da na gaji sai na kai motar wurin wani mai gyaran waya, irin waɗanda ake kira rewaya, a wata rumfa ta wajen Ƙofar Ƙaura. Bai ce komai ba, ya sa yaronsa ya ɗauko mitar auna wutar batir, ya ɗora jan tsinke a kan ja, baƙi a kan baƙi, ya ce in tayar da inji. Mita ta tsaya a bolt 12.8, ya sa na taka totur, ba ta motsa ba. Sai ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, batirinka lafiyarsa ƙalau, abinci ne ba a ba shi." Altaneta, wato na'urar da ke yi wa batir caji yayin da inji ke aiki, ita ce ta gaza, ita ce ta kashe na farko, tana kan hanyar kashe na biyu.

Gwajin ba shi da wuya, kuma duk mai ƙaramar mita zai iya yinsa a gida. Batirin mota yana da ɗakuna shida, kowanne yana ba da kusan bolt 2.1. Idan mota ta kwana ba a tayar ba, cikakken batir zai nuna 12.6 ko sama da haka kaɗan, 12.4 na nufin ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, 12.2 rabi ne, 12.0 kuwa ya kusa ƙarewa. Idan aka ga wajen 10.5, galibi ɗaki ɗaya ne ya mutu, kuma wannan ba caji ke gyara shi ba. Gwaji na biyu shi ne a bar mita a jone wani ya murɗa makulli: idan lambar ta faɗi ƙasa da 9.6 yayin da inji ke juyawa, alhali an cika batirin da caji, to ƙarfinsa ya tafi. Na uku shi ne wanda aka yi mini, wato a duba bayan inji ya tashi, inda ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.5. Ƙasa da 13 alama ce ta altaneta ko fanbel da ya saki, sama da 15 kuma na nufin ana dafa batirin ne, kuma za a iya jin wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai ko a ga cikinsa ya kumbura.

Sauran masu laifin guda biyu ne. Akwai kan batir da ya saki ko ya tara farin gari mai kama da gishiri, wanda ke hana wuta wucewa ko da batirin sabo ne. Ana wanke shi da ruwan ɗumi da aka jiƙa kanwa a ciki, a kula kada ruwan ya shiga cikin ɗakunan, a goge a ɗaure da kyau. Akwai kuma satar wuta da dare, wadda ta yi yawa a motocin hannu saboda rediyo ko ƙararrawar ɓarayi ko na'urar bin sawu da wani ya jona ba bisa ƙa'ida ba. Motar da aka kashe bai kamata ta riƙa jan fiye da kusan miliamfiya 50 ba bayan kwamfutarta ta kwanta. Abu ɗaya da nake roƙon kowa ya hana a yi masa shi ne cire kan batir inji yana aiki don a ga ko mota za ta mutu. A tsohuwar Fijo 504 an sha yin haka an kwana lafiya, amma a motar da ke da ƙwaƙwalwar lantarki wannan gwaji yana iya ƙona abin da kuɗinsa ya ninka na batir.

Zaɓi na farko: a yi wa tsohon caji

Babu abin da ya kai wannan araha, kuma akwai halin da shi ne daidai: an manta fitila a kunne ta kwana, ko mota ta yi makonni a ajiye, ko an gano altaneta ce aka gyara ta. Idan batirin bai wuce shekara ɗaya da rabi ba, akwatinsa bai kumbura ba, ya kuma riƙe 12.6 kwana guda bayan an sauke shi daga caji, to babu dalilin jefar da shi. Cajin a hankali na tsawon dare ya fi cajin gaggawa, wanda ke zafafa farantan. Inda ake yaudarar kai shi ne wajen abin da ake kira wankin batir, a zubar da tsohon ruwa a zuba sabon asid. Batirin da ya daɗe babu caji farantansa sukan yi wani farin ɓawo mai tauri, kuma sabon asid ba ya narkar da shi. Mota za ta tashi da ƙarfi na 'yan kwanaki, mai ita ya yi murna, daga baya a koma gidan jiya. Haɗarin wannan zaɓi shi ne rashin tabbas, domin ba a san ranar da zai sake kwantawa ba.

Zaɓi na biyu: na Beljiyam ko na hannu

Waɗannan su ne batiran da aka ciro daga motocin da aka farfasa a waje, ko daga wata motar a nan gida. Kuɗinsu yana ƙasa da na sabo sosai, kuma ba zan musa ba, wani lokaci akan dace da mai kyau, musamman wanda aka ciro daga motar da ta yi hatsari batirinta bai daɗe ba. Matsalar ita ce mai saye ba shi da hanyar sanin tarihinsa. Batirin da ya yi watanni a jirgin ruwa da rumbun ajiya babu caji ya riga ya fara yin ɓawon da aka ambata, ko da an wanke jikinsa yana ƙyalli. Gwajin da masu sayarwa suka fi yi, na haɗa waya tsakanin kawunan biyu a ga tartsatsi, ba ya nuna komai sai cewa akwai wuta a wannan minti, kuma yana da haɗari, domin batir yana fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta. Wanda ya ga dole sai na hannu, ya nemi a gwada shi da na'urar da ke ɗora masa nauyi, ya duba kwanan watan ƙira, ya kuma yi sharaɗin mayarwa na aƙalla mako biyu a gaban shaida. Wasu kuma ana fasa su a canza ɗakin da ya mutu a liƙe da wuta. Waɗannan su ne suka fi yoyon asid, kuma asid idan ya samu tiren batir da wayoyin da ke ƙasa, gyaran ya fi kuɗin da aka rage.

Zaɓi na uku: sabo mai murafe

Wannan shi ne batirin da iyayenmu suka sani, mai murafe shida a sama da ake kwancewa a duba ruwa. Yawanci shi ne mafi araha a cikin sababbi, kuma yana da wata fa'ida da ta dace da ƙasa mai zafi: ruwan da ya ƙafe ana iya mayar da shi. Sharaɗin shi ne a duba aƙalla sau ɗaya a wata, a bazara ma fiye da haka, a tabbatar ruwa ya rufe farantan, a ƙara tataccen ruwan batir kawai. Ruwan rijiya ko na famfo ko na leda duk suna ɗauke da ma'adinan da ke lalata faranti, asid kuma ba a ƙara shi, domin ruwa ne ke ƙafewa, asid ɗin yana nan. A hannun direban da ke buɗe bonet kowace safiya, irin masu Golf da Sharon da ke jigila tsakanin Katsina da Daura ta Mashi, wannan batir yana daɗewa ƙwarai. A hannun ma'aikacin ofis da bai san inda ake jan bonet ba, bazara ɗaya na iya gamawa da shi.

Zaɓi na huɗu: sabo rufaffe

Shi ne ya cika shaguna yanzu, ana rubuta MF a jikinsa, wato wanda ba ya buƙatar kula, kuma yawancin sanannun sunaye irin su Solite da Atlas BX da Rocket, waɗanda duk na Koriya ta Kudu ne, da Varta da Bosch na Jamus, suna da irinsa. An haɗa dalmarsa da sinadarin kalsiyam don ya rage shan ruwa, saboda haka ba a buɗe shi. Ya ɗan fi mai murafe tsada, kawunansa ba su cika tara gishiri ba, kuma yana jure ajiya fiye da shi. Rauninsa shi ne idan altaneta tana wuce ƙima ta ƙafar da ruwansa, babu hanyar mayarwa, sannan ba ya yafe a bar shi ya mutu murus sau da yawa. Ɗan gilashin da ke samansa mai nuna kore yana duba ɗaki ɗaya ne kacal cikin shida, don haka koren ba shaidar lafiya ba ce.

A nan ne ya kamata a yi taka-tsantsan da abubuwa biyu da suka fi sunan kamfani muhimmanci. Ɗaya kwanan watan ƙira ne, wanda ake bugawa a murfi ko a manna a gefe; kamfanoni da yawa suna sa harafi a madadin wata, A na Janairu, B na Fabrairu, da lamba ɗaya a madadin shekara, wasu kuma tsarinsu daban ne, sai a sa mai shago ya karanta. Batirin da ya haura wata shida a kan kanta, a shagon da rufin kwano ke gasa shi, ya fara tsufa tun ba a ɗaura shi ba, kuma ya kamata a sa masa mita a gaban mai saye. Ɗayan kuma garanti ne. Wasu suna ba da wata shida, wasu shekara, amma wanda ba a rubuta a rasit tare da lambar batirin ba, ranar da aka dawo da shi sai dai a yi ta rantse-rantse. Sanannen suna shi ne aka fi yi wa jabu, don haka shagon da ya daɗe a wuri ɗaya ya fi mai arahar da ba a san inda za a same shi gobe ba. Nauyi ma shaida ne: batira biyu masu lamba ɗaya, wanda ya fi sauƙin ɗauka dalmarsa ta fi ƙaranci.

Zaɓi na biyar: EFB da AGM

Waɗannan an yi su ne don motocin da injinsu ke mutuwa da kansa idan an tsaya a danja ya kuma tashi idan an saki birki, da manyan motocin da kayan lantarki suka yi musu yawa. A AGM asid ɗin yana cikin wani auduga na gilashi ne, ba ya zuba, yana jure girgiza da yawan tayarwa. Shi ne mafi tsada da tazara mai yawa, EFB kuma yana tsakaninsa da rufaffe na yau da kullum. Motar da ta zo da AGM, da AGM ake canza mata, kuma wasu motocin Jamus irin su BMW sai an shaida wa kwamfutarsu cewa an sa sabo, in ba haka ba za ta ci gaba da yi masa cajin tsoho. Amma sa AGM a tsohuwar Corolla almubazzaranci ne, tunda ba ya son zafin gefen inji, kuma shi ya sa a motoci da yawa ake ajiye shi a but ko ƙarƙashin kujera.

| Zaɓi | Kuɗi | Daɗewa a zafin Katsina | Kula | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Cajin tsoho | Kaɗan ƙwarai | Ya danganta da shekarunsa | A riƙa gwadawa | Mutuwa ba sanarwa |
| Na Beljiyam | Ƙasa da sabo | Ba a sani ba | A riƙa gwadawa | Ba garanti, yoyon asid |
| Sabo mai murafe | Matsakaici | Mai kyau idan ana duba ruwa | Kowane wata | Ƙafewar ruwa |
| Sabo rufaffe | Sama da mai murafe | Mai kyau | Kusan babu | Jabu, daɗewa a shago |
| EFB ko AGM | Mafi tsada | Mai kyau inda aka tanadar masa | Babu | Rashin dacewa da mota |

Ko wanne aka zaɓa, ɗaurawar iri ɗaya ce: a kashe mota a zare makulli, a fara kwance baƙin kai sannan ja, wajen mayarwa kuma a fara da ja a ƙare da baƙi, domin idan sifana ta taɓa jikin mota ana kan ja alhali baƙin yana jone, tartsatsin zai iya fasa batirin. A mayar da ƙarfen da ke danne shi, kada a bar shi yana rawa ko a ɗaure da roba, tunda girgizar hanya tana kakkaɓe farantan. Kan da ya yi faɗi a canza shi, a daina cusa ƙusa ana bugawa da dutse. Wasu rediyoyin, musamman na Honda, sukan nemi lambar sirri bayan an cire batir, gara a neme ta tun kafin a kwance.

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Wanda batirinsa bai tsufa ba, kuma ya san dalilin mutuwarsa, ya kai caji ya gyara dalilin, ya ajiye kuɗinsa. Wanda ke shirin sayar da motar nan da wata ɗaya ko biyu, ko albashi ya yi nisa kuma zirga-zirgarsa ba ta wuce cikin gari inda ba a rasa masu turi, na Beljiyam da aka gwada da nauyi zai iya riƙe shi, muddin ya gaya wa mai sayen motar gaskiya. Wannan sassauci bai shafi mai mota otomatik ba, domin ita ba a tura ta ta tashi.

Direban haya da duk wanda ya saba duba mai da ruwa da kansa, mai murafe zai fi yi masa riba. Ma'aikaci, ko uwargida mai kai yara makaranta, ko mai tafiyar da ke kai shi Kano ko Funtuwa inda ba a son tsayawa a daji da yamma, rufaffe sabon ƙira mai rubutaccen garanti shi ne nasa, kuma a ganina mafi yawan masu karanta wannan a nan suke. Idan tafiyarsa gajera ce kullum, daga gida zuwa sakatariya da dawowa, ya riƙa ba motar tafiyar rabin awa ko fiye a mako, saboda gajeriyar tafiya ba ta mayar da wutar da aka kashe wajen tayarwa. Mai Hilux ko bas mai shan gas ya tsaya a kan babban am ɗin da kamfani ya rubuta, ya kuma duba lambar CCA, wadda ke nuna ƙarfin bugun farko, domin injin gas ya fi nauyin juyawa. Wanda kuma yake tunanin sayen babba don ya riƙa saukewa da dare yana kunna fanka da talabijin idan an ɗauke wuta, ya sani batirin mota ba a yi shi don a zuƙe shi a hankali har ƙasa ba. Wannan aikin batirin sola ne, kuma na motar da aka mayar haka ba ya kai ƙarshen damina.